Layi Biyu a Kan Noti Ɗaya

Da hantsi rahoton ya iso caji ofis, Sufeto bai ko kai rabin kofin shayinsa ba. Motar wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse ce ta kife a gangaren dutse jiya da rana, direbanta ya rasu nan take. Manajan kamfanin da kansa ya kawo ƙara, yana sharce gumi da bayan hannu.

"Yallaɓai, wannan ba haɗari ba ne, ganganci ne," in ji manajan. "Kwana uku kafin abin ya faru wani tsohon makanike na bakin titi ya yi wa motar gyara a gaba. Muna da injiniyanmu mai takarda, amma marigayin ya ɗauki mota ya kai wa tsoho. Ga abin da ya jawo mana."

"Ka ga gyaran da idonka?"

"Ban gani ba."

"To bari mu je mu gani da namu."

Sufeto ba mutum ne mai gaggawa ba. Ya shanye sauran shayin duk da ya huce, ya ɗauki hularsa, ya kira Saje.

Motar tana nan inda ta faɗi, kwance a gefenta kamar saniyar da aka kayar. Irin motocin jejin nan ne masu jan gaba da baya, tayoyinta manya, jikinta duk busasshen taɓo. A gefen hanya ga kular abincin direban ta tarwatse, ba wanda ya iya ɗauka.

Saje ya yi shekara tara yana tuƙa motar sintiri kafin a dawo da shi bincike, don haka shi ya fara leƙa ƙarƙashinta. Ya nuna wa Sufeto wani tulun ƙarfe a tsakiyar aksil, sandar da ke haɗa tayoyin gaba.

"Wannan tulun shi ke raba wa tayoyin gaba gudu, yallaɓai. Haƙoran ƙarfe ne a ciki, cikin mai suke wanka. In man ya ƙare sai su yi zafi su cije. In suka cije a gangare irin wannan, kana cikin jan gaba, to sitiyari ya zama ado."

"Sun cije ke nan?"

"Shaƙa ka ji."

Sufeto ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa na ƙara. Ƙaurin ƙonannen ƙarfe ya bugi hancinsa.

"Me tsohon ya gyara?"

"Sil. Wannan robar da ke zagaye da bakin sandar, ita ke hana mai fita." Saje ya shafa wurin da yatsa, ya duba, ya sake shafawa. "Ikon Allah. A bushe take ƙayau. Ko ɗigo bai bi ta nan ba."

"To ta ina man ya fita?"

Saje ya zura hannu ƙasan tulun. Yatsansa ya shige wani rami.

"Notin tsiyaye mai babu shi."

A bakin ramin, jikin tulun, akwai ɗan gajeren layi na fenti ruwan ɗorawa, a karkace kamar an ja shi cikin mota tana tafiya. Sufeto ya daɗe yana kallonsa.

Suka bi sawun man da ƙafa. Kusa da motar babu komai, sai can sama suka fara ganin baƙin zare a kan ƙasa, ya yi kauri, ya zama tabo babba a wani wuri mai gargada. Nan Saje ya tsinci notin a cikin tsakuwa.

"Ga ɓarawon," ya ce.

Sufeto ya goge shi da hankici. A kan notin layi biyu ne na fenti, ba ɗaya ba. Na farko a karkace yake, kuma an kankare rabinsa. Na biyu yana ɗaya gefen, siriri, a miƙe sambal. Ya naɗe notin ya sa a aljihu.

Garejin tsohon rumfar kwano ce a bakin titi, da rami ɗaya da benci ɗaya. Baba Mai Fenti ake kiransa. Suka same shi zaune a kan bencin, bai buɗe akwatin kayan aiki ba, idanunsa sun yi ja.

"Sannu, Baba. Kai ka gyara motar kamfanin burtsatse?"

"Ni ne, yallaɓai. Dogo, direbanta, shi ya kawo mini ita." Muryarsa ta karye. "Mijin 'yata ne. Jiya da yamma muka kai shi makwancinsa."

Sufeto ya cire hula, ya yi masa ta'aziyya, ya zauna a ƙarshen bencin. Sai da tsohon ya share fuska sannan ya ci gaba.

"Me ke damun motar?"

"Yoyo. Sau uku ana canja mata sil a wurinsu, sau uku tana komawa. To ni da na duba, ba laifin sil ba ne. Akwai wani ɗan tiyo a saman tulun, ta nan yake numfashi. Mota ma tana numfashi, yallaɓai. Taɓo ya toshe shi. In tulun ya yi zafi iska ta rasa hanya, sai ta tura mai ta inda ya fi rauni. Ko sil ɗari ka sa, sai ta ci su. Na zare tiyon na hure shi, na sa sabon sil, na zuba mai har ya taɓo mini yatsa, na ɗaure."

"Ka tabbata ka ɗaure?"

Tsohon ya ɗago kai, ya dube shi kamar an zage shi.

"Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aikin. Ba na sa fenti sai na ɗaure. Fentin shi ne rantsuwata."

Ya nuna wani gwangwani a ƙarƙashin benci, da tsinken ashana a tsaye a ciki. Duk notin da ya ɗaure, in ji shi, sai ya ja masa layi ɗaya daga kansa zuwa jikin ƙarfen. In layin ya rabu biyu, mai mota ya san noti ya motsa. Sufeto ya lura da hannun da ke nuna gwangwanin. Rawa yake yi, irin ta tsufa, ba ya tsayawa.

Ya fito da hankicin ya buɗe.

"Naka ne wannan?"

Baba ya karɓa ya kai shi kusa da ido. Ya juya shi. Ya sake juyawa. Sufeto yana kallon fuskar tana canjawa a hankali, kamar bangon da ruwa ke ci ta ƙasa. 

"Ni ne," tsohon ya ce a ƙarshe. "Na tuna yanzu. Ban ɗaure ba. Mantuwa na yi."

"Yanzun nan ka ce fenti rantsuwarka ce."

"Tsufa ne, yallaɓai."

"Layi biyun fa?"

"Na farkon bai yi mini ba, na sake."

"Da wannan hannun ka ja na biyun?"

Baba ya ɓoye hannun a cikin riga.

"Na ce maka ni ne. Ka rubuta, in sa hannu. Me kuma kake nema?"

Mutum ya amsa laifi da bakinsa a gaban shaida, ba yadda Sufeto zai yi ya bar shi. Suka tafi da shi. Amma da Saje ya ɗauko makullin bayan kanta, Sufeto ya girgiza kai, ya nuna bencin da ke kusa da taga.

"A ba shi ruwa. Kada kowa ya ɗauki jawabinsa sai na dawo."

"Yallaɓai, ai ya sauƙaƙa mana aiki," in ji Saje da suka fito. "Yau da wuri za mu ci abinci."

"Ka taɓa ganin wanda ya yi mantuwa ya kankare shaidar mantuwarsa?"

Saje ya sosa ƙeya, ya tada mota.

Gidan marigayin ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu. Takalman aikinsa na biyu suna nan a bakin ƙofa, an jera su kamar zai fito ya sa. Matarsa ta fito ta zauna a bakin tabarma, ƙaramar mace, muryarta ta dishe. Auta suke kiranta a gida.

"Ki yi haƙuri da mu," in ji Sufeto. "Tambaya biyu ce ko uku. Jiya kin ga motar?"

"Na gan ta. Ya biyo ya karɓi kularsa, kamar kullum."

"Ya ce tana da matsala?"

"A'a. Har durƙusawa ya yi a ƙofar gida ya leƙa ƙarƙashinta. Na ce masa, kai dai ka fi duba motar nan a kaina. Ya yi dariya, ya ce, layin Baba yana nan daidai, yau ko kan dutse sai mu hau." Ta toshe baki da gefen mayafi.

Sufeto ya jira.

"Kullum yake duba layin?"

"Kullum. Tun ranar da aka gyara ta. Ya ce in layin Baba bai motsa ba, ba ya tsoron hanya. Ya yarda da Baba fiye da kowa. Abin da ke haɗa shi da Yaya ke nan."

"Wane Yaya?"

"Yayana. Shi ne injiniyan kamfaninsu."

Sufeto da Saje suka dubi juna.

"Injiniyan ɗan Baba ne?"

"Ɗansa na fari. A garejin ya tashi, Baba ya kai shi makarantar koyon injin. Amma a wurin aiki ba ya so a sani. Ya ce in aka ji ubansa makaniken bakin titi ne, raina shi za a yi. Dogo ya rufa masa asiri, bai taɓa faɗa ba. Sai dai tsokana, kun san shi da baki." Ta yi ɗan murmushin da bai kai ko'ina ba. "Ranar da yoyon ya tsaya, ya dawo yana ba ni labari. Wai a gaban leburori ya ce wa Yaya, Injiniya, yau tsinken ashana ya kayar da satifiket. Kowa ya yi ta dariya. Na ce masa bai kyauta ba. Ya ce ai wasa ne, gobe zai ba shi haƙuri."

"Ya ba shi?"

"Ban sani ba." Ta ɗago ido. "Yallaɓai, an ce kun tafi da Baba. Wallahi Baba ba ya mantuwa da noti. Sunana yakan manta, amma ban da noti."

"Na sani," in ji Sufeto. Ya tashi da nauyin da bai zo da shi ba.

Wurin gyaran kamfanin ba irin na Baba ba ne. Daɓen siminti ne a share, fitilu dogaye, kowace sifana a rataye a kan allo inda aka zana siffarta. Bututun haƙa suna jere a gefe, kowanne da lamba ruwan ɗorawa. Injiniya ya taso ya tarbe su cikin rigar aiki mai guga, alƙaluma uku a aljihun ƙirji. Zai yi shekara talatin da biyar. Goshin tsohon ne a fuskarsa, ba ko tantama.

"Kai ke kula da motar da ta faɗi?"

"A da ni ne. Tun da aka kai ta waje na cire hannuna."

"Sau nawa ka canja mata sil?"

"Uku. Kayan yanzu ba su da kyau."

"Shi wanda aka kai wa, ka san shi?"

"Wani tsoho ne a bakin titi. Ina jin labarinsa."

"Labarinsa kawai?"

"Kawai."

Saje ya yi tari ya juya baya. Sufeto bai canja fuska ba.

"A ina motar take kwana?"

"Can, kusa da famfo."

"Wa ke fara zuwa da safe?"

"Ni ke buɗe wurin. Amma ban je kusa da ita ba, yallaɓai. Na ce ma na cire hannuna."

Sufeto ya taka zuwa wurin famfon. A kan simintin akwai ɗan tabon mai, bai fi tafin hannun jariri ba, an zuba masa yashi an share. Ya dangwala yatsa ya shinshina. Man aksil ne, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ba ya ɓuya.

"Motar da aka ce yoyonta ya tsaya," ya ce, kamar da kansa yake magana.

"Ka gani ko? Gyaran bai yi ba ke nan."

"Wataƙila." Sufeto ya dawo, ya tsaya a gaban wani injin da aka kwance a kan tebur. "Ni ban san aikinku ba, ka yi mini uzuri. In ka ɗaure noti, kana so ka gane ko ya motsa, yaya ake yi?"

"Alama ake sa masa."

"Nuna mini."

Injiniya ya zaro ɗaya daga alƙaluman aljihunsa, na fenti ne, irin wanda suke sa wa bututu lamba. Ya girgiza shi sau biyu. Bai ko tsaya tunani ba, hannunsa ya ja layi daga kan notin zuwa jikin ƙarfen, siriri, a miƙe sambal, ruwan ɗorawa.

Sufeto ya buɗe hankicin, ya ajiye notin motar a gefen wancan.

Alƙalamin ya tsaya a iska.

"Layi biyu ne a nan," in ji Sufeto a hankali. "Ɗaya na mai rawar hannu, da tsinken ashana. Ɗaya na mai ƙarfin hannu. Wanda ya sassauta notin nan ya san in layi ya rabu, Dogo zai gani. Sai ya kankare na tsohon, ya ja sabo daidai da na jikin tulu. Baƙo ba zai san wannan ba. Sai wanda ya tashi yana riƙe wa tsohon gwangwani."

"Kowa zai iya sayen irin alƙalamin nan."

"Haka ne. Shi ya sa ban zo da ankwa a hannu ba. Na zo ne in gaya maka inda mahaifinka yake." Sufeto ya naɗe hankicin. "Yana caji ofis. Ya ga notin nan sau ɗaya, ya ce shi ne. Ya ce tsufa ne, mantuwa ya yi. Yana jira in koma ya sa hannu. In ya sa, gobe kotu, kuma a shekarunsa ban ga alamar zai fito da ƙafarsa ba. Wanda ya ɗaure noti shekara arba'in da ɗaya, za a rubuta cewa sakacinsa ya kashe mijin 'yarsa."

Injiniya ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a kan bututu.

"Baba ya ce shi ne?"

"Har faɗa ya yi mini don na ƙi rubutawa."

Can wani lebura yana buga ƙarfe a waje, ya bari.

"Rabin juyi ne," Injiniya ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Wallahi rabin juyi kawai na sassauta. Ɗiga nake so ta yi. Ya je ya dawo a ga mai a ƙasa, a ce gyaran tsohon ma bai riƙe ba, a daina yi mini dariya. Kwana biyu ko ina na wuce sai in ji ana cewa tsinken ashana. Ni da na yi shekara huɗu a makaranta. Ban san hanyar dutse za su bi ba, yallaɓai. Na ɗauka cikin gari zai tsaya. Gargada ce ta ƙarasa kwance shi."

"Fentin fa?"

"Don kada a ce an taɓa."

"Ya durƙusa a ƙofar gidan ƙanwarka ya duba," in ji Sufeto. "Ya ga layi daidai, ya ce yau ko kan dutse sai su hau. Da ka bar layin a rabe, da ya gani ya ɗaure, da yanzu yana nan yana tsokanarka. Ba sifanarka ce ta kashe shi ba, wannan alƙalamin ne."

Injiniya ya dubi abin da ke hannunsa, ya sake shi ya faɗi ƙasa. Saje ya ɗauka ya sa a leda, sannan ya fito da ankwa. Bai yi wasa ko ɗaya ba a hanyar komawa.

Baba yana nan a kan bencin, ruwan da aka ba shi bai taɓa ba. Da ya ga wanda aka shigo da shi, ya miƙe da sauri har ya dafa bango.

"Yallaɓai, me ya kawo wannan? Ban san shi ba. Na riga na gaya maka ni ne."

"Baba, ya isa," in ji Injiniya, kansa a ƙasa. "Na faɗa musu."

A gaban mutane ya kira shi Baba, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Tsohon ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon hannayen ɗansa a cikin ƙarfe, hannayen da shi ya koya wa riƙon sifana.

"Tiyo ne fa," ya ce a hankali. "Ɗan tiyo ne ya toshe. Da ka zo ka tambaye ni, da na nuna maka. Ko a ɓoye ne, ba sai kowa ya ji ba."

"Na sani, Baba."

Saje ya kama gwiwar hannunsa, suka bi ta ƙofar ciki. Aka ji ƙarar makulli.

Sufeto ya ce wa tsohon zai iya tafiya, babu abin da ake tuhumarsa da shi. Baba ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa abin da bai shafe shi ba. Ya ja ƙafa har bakin ƙofa, ya tsaya, bai juyo ba.

"To wa zai gaya wa Auta?"

Mai rubutu a kanta ya sunkuyar da kai a kan littafinsa. Sufeto ya dubi hularsa a kan tebur, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ɗauka.

"Mu je, Baba," ya ce. "Ni zan yi maganar. Kai dai ka riƙe ta."